Gishiri Hannu Ɗaya

Yara huɗu na ɗauka aiki, babu mai inuwa a cikinsu,
suna zaune a wayata, ba sa cin tuwo, ba sa gyangyaɗi.
Masu ƙirƙirarriyar basira ne, in ji Modi,
wanda ya haɗa mini su a shagonsa na bayan Tashar Illela.
Ɗaya na bin farashin albasa daga Goronyo har Aba,
ɗaya na neman mota,
ɗaya na riƙe da littafin kuɗi,
na huɗun ke amsa wa masu saye
da irin haƙurin da Allah bai ba ni ba.

Daren Laraba na ce musu,
"Buhu ɗari biyu na nan, ku san yadda za ku yi."
Na ja zane na kwanta.

Gari ya waye da tirela biyu a bakin rumfata,
direba biyu, kowa da takardarsa.
Mai amsa saƙo ya sayar wa wata mata a Onica,
ya kira mata mota don kyautatawa.
Mai neman mota ya ji an ce kaya, shi ma ya kira tasa.
Mai farashi yana gefe yana cewa a dakata, Asabar za ta yi tsada.
Mai littafi kuwa ya rubuta duk abin da ya ji,
tsaf, babu kuskuren ko sisi.
Na bi saƙonninsu ɗaya bayan ɗaya ina neman mai laifi,
ban sami kowa ba sai wanda ya kwanta.

Da la'asar na tafi Mabera wurin Gwaggo Ige.
Shekara talatin tana girkin walima,
tukunya goma sha biyu a kan wuta, mata takwas a hannunta,
ba a taɓa mayar mata da miya ba.
Ta saurare ni tana tsince shinkafa a faifai.

"Mi kac ce musu?"
Na faɗa mata.
Ta yi dariya har faifan ya karkace.
"To cikinsu wa ka sa gishiri?"
Na ce, "Gwaggo, albasa ce."
Ta ce, "Na ji. An ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya,
amma wanda ya faɗa bai tsaya bakin murhu ba.
Mai daka ta daka, mai wuta ta kula da wuta,
gishiri hannu ɗaya ke sa shi.
Wadda ta gama nata ta gaya wa ta kusa da ita.
Ni kuwa ba na tuƙi, ba na kwasa,
yawo nake da ludayi ina ɗanɗana.
Sun fi ni ƙarfi, Hassi ma ta fi ni iya miyar taushe,
sai dai ni kaɗai na san baƙi nawa za su zo."

Na koma gida, ban ƙara musu ko ɗigon wayo ba,
nawa bakin na gyara.
Mai amsa saƙo ya yi ciniki, kada ya ƙulla.
Mai mota kada ya motsa sai littafi ya ce kuɗi sun shigo.
Abin da ya wuce buhu ashirin, a tashe ni ko tsakar dare ne.

Direba na biyu na biya shi kuɗin mai,
har yau in mun haɗu a Kara sai ya tambayi lafiyar yarana.

Jiya bayan isha waya ta yi ƙara:
"A sayar ko a jira?"
Su huɗun sun kawo hujjarsu, sun yi shiru.
Na fita rumfa da fitila,
na kwance bakin buhu guda,
na matsa albasa a tafin hannuna, na shinshina.